Taƙaitawa: neman digiri na biyu a injiniya da sakamako mai rauni

1. A tattaunawar da aka yi kan wannan batu, kusan kowa ya yarda mai 2:2 (digiri ajin biyu, mataki na ƙasa) ya nemi gurbi kai tsaye a jami'ar ATBU Bauchi. Mai digiri ajin uku ko HND kuwa, sai ya bi ta PGD (difloma ta gaba da digirin farko) tukuna.

2. Takardar NYSC da tiranskirif (cikakkiyar takardar sakamakon karatu): a nema da wuri, fitowarsu kan ja lokaci.

3. Wasiƙar shaida ta fito daga malamin da ya duba aikin bincikenka na shekarar ƙarshe, ba mai babban suna da bai san fuskarka ba. Nan aka fi tsayawa, kuma da gaskiyarsu.

4. An rabu kan ko a fara aiki kafin a koma karatu. Wasu sun ce a fara zuwa fili, a yi rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya. Wasu sun ce in aka jinkirta karatun, lissafi zai gudu daga kai.