Kocin golf ne gwarzon Jami'ar Houston, ko na ƙwallon Amurka?

Kawu na Texas: Jama'a, ina nan kan bakana. A tarihin wasanni na Jami'ar Houston babu kocin da ya kama ƙafar Dave Williams na golf. Kofin ƙasa na jami'o'in Amurka 16 ya ɗauko musu tsakanin 1956 da 1985, biyar na farko a jere. Mutumin fa malamin injiniyanci ne, daga aji ya fito ya karɓi ƙungiyar.

Ɗan Zango: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma ban yarda ba. Mutum nawa ke zuwa kallon golf ɗin ɗalibai? Bill Yeoman ya riƙe ƙungiyar ƙwallon Amurka daga 1962 zuwa 1986, ya ci wasa 160, ya ɗauki kofin yankin Southwest har sau huɗu. Shi ya ƙirƙiro salon da ake kira veer: mai raba ƙwallo ya zuba wa ɗan bayan abokan hamayya guda ido, in ɗan bayan ya shigo ciki sai mai rabawar ya riƙe abarsa ya ruga ko ya cilla wa na gefe, in ya tsaya sai ya miƙa wa na kusa. Makarantu da dama sun kwaikwaya.

Kawu na Texas: Ɗana, kofin yanki kake lissafa min, ni na ƙasa nake magana. Kuma dubi yaran da suka bi ta hannun Williams: Fuzzy Zoeller ya ci babbar gasar golf ta Masters a 1979, Fred Couples a 1992, Steve Elkington ya ci wata babbar gasar, PGA, a 1995.

Yaya Babba: Ku duka kun tsallake abin da ya fi damuna. A 1964 Yeoman ya ɗauko Warren McVea, baƙar fata na farko a ƙungiyar, lokacin da yawancin manyan jami'o'in kudancin Amurka ba sa saka baƙaƙen fata. Wannan a wurina ya fi kofi nauyi, don ƙofa ya buɗe wa 'ya'yan mutane.

Kawu na Texas: Wannan gaskiya ne, ba na ja. Sai dai a faɗi duka: bayan tafiyar Yeoman hukumar NCAA mai kula da wasannin jami'o'in Amurka ta hukunta jami'ar a 1988 kan ba 'yan wasa kuɗi a zamaninsa.

Yaya Babba: An yi haka, Kawu. To amma yaran yawancinsu talakawa ne, filin yana cika saboda su, doka kuma ta hana su ko sisi. Yau ga shi an halasta musu samun kuɗi da sunansu tun 2021.

Ɗan Zango: In kofin ƙasa ne kaɗai ma'auni, ina za mu kai Guy Lewis, kocin ƙwallon kwando na jami'ar, wanda ya horar da Hakeem Olajuwon ɗan Legas? Ya kai wasan ƙarshe a 1983 da 1984 bai ci ba, kuma babu mai raina shi.

Kawu na Texas: Ba na raina shi, ba na raina Yeoman. Amma Williams 16 ya kawo, su biyun ko ɗaya ba su kawo ba.