Shanun yumɓun da yarana suka yi sai tsagewa suke, me ake haɗa masa?

Assalamu alaikum jama'a, dan Allah a taimaka. Ina koyar da 'yan rabin aji ne, yara 'yan shekara 3 zuwa 5, kuma wannan zangon aikin hannu muke yi kan bazara da shigowar damina, na ce su gina shanun noma da 'yan kaji da yumɓu tunda robar ginin nan ta kanti tsada gare ta, ga shi ƙananan cikinsu baki suke kai ta.

Matsalar wajen bushewa ce. Muka shanya a rana, kun san zafin Afrilu, kafin a tashi duk bayan shanun ya dare, ƙahonni sun karye. Na mayar da su inuwa cikin aji, tsagewar ta ragu amma ƙafafu na ɓallewa daidai inda aka manna su da jiki, da yaro ya ɗaga nasa sai ƙafa ta rage a kan tebur, sai kuka. Na soka tsinken tsintsiya a ciki ya riƙe, sai yumɓun ya tsuke ya tsage a jikin tsinken. Na ƙara yashi kuma ya ƙi damƙuwa, marmashewa yake a hannunsu. Gasawa kam ba zan yi ba, ba na son wuta kusa da yaran nan.

Masu ginin tukwane da malaman da suka taɓa yi, me ake haɗa wa yumɓu, kuma gwargwadon yaya, har ya bushe da kansa bai tsage ba? Na gode.