Ina shirin buga mujallar mawaƙa a takarda, ku ba ni shawara

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan ina hira da mawaƙa ina sawa a Facebook. Yanzu na tara naira miliyan biyu, ina so in fitar da mujalla ta takarda, shafi 32, kwafi 1,000, duk bayan wata uku. Ta waƙa ce zalla, daga masu kalangu da kukuma har 'yan situdiyon Zoo Road. A Kano zan buga ko Kaduna? Kuma nawa zan sa wa kwafi?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah sarki, ka tuna min da mujallun Tauraruwa da Fim! Yayana ke sayo mana Fim duk wata, mu ciro hotunan mu liƙa a bango da sitaci. Allah ya sa albarka.

Abban Sadiq: Wa ke karanta takarda yanzu? Sayi kyamara ka buɗe YouTube.

Tsohon Edita: Ƙanena, zauna ka ji. Na ga Fim ta fito a 1999, na ga ana rububinta, sai ni ma na sayar da filina na fara tawa. Bugawa ba ta taɓa ba ni wahala ba, karɓo kuɗin ne ya kashe ni. Dillali zai ɗauki kwafi 200 ba ko sisi, wai sai ya sayar. Bayan wata biyu ya dawo maka da 120 rana ta cinye bangonsu, kuɗin sauran kuma sai ka yi ta sintiri a kan babur. Akwai wanda na bi har garinsu sau huɗu, a na ƙarshe ya ce yaron shagonsa ya gudu da cinikin. Mawaƙin da ka sa a bango kuwa ba zai sayi ko ɗaya ba, goma zai aiko a karɓa masa kyauta. Fitowa ta tara na tsaya. Kwantan da ya cika min ɗaki a kilo na sayar. Ranar da yarinyata ta sayo ƙosai na ga an ƙunso shi a shafin da na kwana uku ina rubutawa, wallahi ban iya ci ba.

Mai Balangu: Malam Ɗan Kurna, in za ka buga don Allah ban da takarda mai sheƙi, ba ta shan mai.

Maman Ilham: Haba Malam, mutum yana faɗin abin da ya ƙona masa rai kana wasa?

Na Fagge: A maɗaba'a nake aiki. Shafi 32 mai kala gaba ɗaya, miliyan biyun nan da ƙyar ta fitar da bugu ɗaya. Takardar daga waje ake shigo da ita, tun da dala ta tashi a 2023 farashin rim bai zauna wuri ɗaya ba.

Abban Sadiq: Wannan tsada ce ta Kano. Abokina ya yi irin wannan aikin a Shomolu a Legas kan dubu 900.

Na Fagge: Wace shekara? Ka sa kuɗin mota da na wanda zai tsaya a kan aikin?

Baƙon Landan: Ko a Ingila haka abin yake. Mujallar waƙa ta NME da aka fara tun 1952 ta daina fitowa a takarda duk mako a 2018, takwararta mujallar Q kuma ta rufe a 2020. NME ta dawo a 2023, amma kwafi kaɗan take bugawa don masu son ajiyewa. Ka nemi mutum 300 su biya tun kafin ka buga.

Abban Sadiq: Shi ma Baba Edita zamanin kaset yake ba da labari, yanzu ai ba a bi ta dillali.

Tsohon Edita: Yaro, ko katin ɗaurin aure ka taɓa bugawa? Wanda ya zuba kuɗinsa shi ya san zurfin ruwan.

Sarkin Kiɗan Unguwa: Ku kuna ta takarda, mu wa ya tausaya mana? Da mai kaset a Ƙofar Wambai zai sayi aikinka ya biya ka, shi ne ma ke sa talla a mujallar. Da 'yan tura waƙa a memori suka zo, komai ya watse. Na biya situdiyo na yi waƙa shida, kwana biyu na ji su a wayar ɗan acaɓa, ya ce naira 50 aka tura masa duka.

Na Fagge: Ai su ma masu turawar yanzu kuka suke, kowa da datarsa.

Ɗan Kurna: Na gode ƙwarai. To amma Kano ko Kaduna?

Sarkin Kiɗan Unguwa: Kuma har yau wanda ya fitar da waƙoƙin nan daga situdiyo bai amsa shi ne ba, alhali mu uku ne kawai a ɗakin ranar.