Tsirkiya ta shida a zanen kod na jita

Kod shi ne sautukan da ake kaɗawa tare a lokaci guda, zanensa kuma yana nuna tsirkiyoyin jita shida a matsayin layuka a tsaye. Shawara ga mai koyo ita ce ya fara duba layin hagu na zanen, domin shi ne tsirkiya ta shida, mai kauri, wato mai sautin E. Alamar X a samansa na nufin kada a taɓa ta, O kuwa a kaɗa ta ba tare da an danne ta ba. A kod ɗin D tsirkiyoyi biyu masu kauri ake tsallakewa, amma idan aka rubuta D/F#, wato kod ɗin D da sautin F# a ƙasansa, sai a zagayo da babban yatsa ta bayan wuyan jitar a danne ta shida a gida na biyu (gida shi ne tazarar da ke tsakanin ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar), abin da ke wahalar da mai gajerun yatsu.