Farin dusashe a kan haƙoran kunamar ruwa da suka zama dutse

Assalamu alaikum. Ina zaune a Madina, a Accra, kuma ina tara burbushin kifayen dā. Abin da ya fi yawa a hannuna haƙora ne da ƙayar wutsiya ta kunamar ruwa (wani kifin teku mai faɗi), waɗanda suka fito daga ramukan fosfat na Hahotoe da Kpogame a Togo, masu shekaru fiye da miliyan 40. Da yake jikin wannan kifi guringuntsi ne, galibi haƙoran da ƙayar ne suke saura, saboda haka kowane guntu yana da daraja a wurina.

Matsalar ita ce faifan haƙoran, wato haƙoran da ke manne da juna a jere, yana rabuwa layi-layi, ƙayar kuma tana marmashewa a gefen da yake da tsini kamar zarto. Na narka Paraloid B-72 (wani irin gam na roba) a cikin asiton (ruwan sinadari mai saurin bushewa), na shafa da ƙaramin burushi, ya kuwa riƙe su, amma da ya bushe sai wani farin dusashe ya rufe saman, har ba na iya ganin ramukan saiwar haƙoran da gilashin ƙara girma, alhali da su ake tantance jinsi. Na ƙara tsinka maganin, na kuma gwada busarwa a gaban fanka, sai farin ya ƙaru. Ina zargin laimar damina, domin a lokacin hunturu ban ga haka ba.

Don Allah, wace hanya ce zan bi in cire wannan farin ba tare da layukan haƙoran sun sake rabuwa ba? Na gode.