Shin kai wa yara 'yan tsana a sashen gaggawa na asibiti taimako ne na gaske?

Mai Neman Shawara ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina cikin wata ƙaramar ƙungiyar taimakon marasa lafiya, kuma a zamanmu na baya-bayan nan wata daga cikinmu ta kawo shawarar mu riƙa kai 'yan tsana masu laushi, irin waɗanda ake cusa wa auduga, zuwa sashen ba da agajin gaggawa na asibiti, domin ma'aikatan jinya su riƙa miƙa wa yaran da aka kawo a firgice. Maganar ta raba kanmu gida biyu. Wasu suna ganin yaron da aka kawo da karaya ko ƙuna magani yake buƙata, kuma duk abin da aka kashe a kan kayan wasa an rage shi ne daga wanda ya fi muhimmanci. Wasu kuma suna cewa tsoro ma wahala ne, kuma likita ba ya rubuta masa magani a takarda.

Tambayata biyu ce. Shin masu aikin asibiti suna ganin wani amfani na haƙiƙa a wannan abu, ko dai mu masu bayarwa ne kawai muke samun sanyin zuciya? Sannan idan har za mu yi, ya dace mu tattara 'yan tsanar da 'ya'yanmu suka daina wasa da su, mu wanke mu kai, tun da hakan ba zai buƙaci kashe kuɗi ba?

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina aikin jinya a sashen gaggawa, kuma amsar tambayarki ta farko ita ce akwai amfani, sai dai ba ta fuskar da yawancin masu bayarwa suke zato ba. Mutane suna ɗauka cewa 'yar tsanar tukwici ce da ake ba yaro bayan an gama masa aiki domin ya daina kuka. A hannunmu kuwa kayan aiki ce, kuma ta fi amfani kafin a kai ga taɓa yaron.

Yaron da ya firgita zuciyarsa tana bugawa da sauri, numfashinsa yana hauhawa, kuma waɗannan su ne abubuwan da muke aunawa da farko domin mu san wanda za a fara gani. Idan yana tsala ihu, likita ba zai ji abin da ke cikin ƙirjinsa da kyau ba. Idan ya ƙanƙame jikinsa, mai taɓa cikinsa ba zai iya bambance taurin ciwo da taurin tsoro ba, balle a yi maganar neman jijiya a hannun da ake fizgewa. Saboda haka duk abin da zai saukar da hankalin yaro na ɗan lokaci ya sauƙaƙa mana gano abin da ke damunsa.

Ga yadda abin yake a aikace. Za a kawo yaro ɗan shekara huɗu asma ta tashi, yana buƙatar a sa masa abin shaƙar magani a fuska, shi kuwa da ya ga an nufo hancinsa da roba mai huci sai ya ƙara rikicewa, rikicewar kuma ta ƙara toshe masa numfashi. Sai in ɗora abin a fuskar 'yar tsanar tukuna, in ce masa ita ma numfashinta ne yake mata wuya, ya taimake ni ya riƙe mata. Yakan riƙe yana leƙen fuskarta, hawaye bai bushe ba, kuma sau da yawa daga nan sai ya yarda a mayar da abin fuskarsa. Haka nan yaron da ya ƙi buɗe baki ya faɗi inda ke masa ciwo, idan aka tambaye shi ina ne ke yi wa 'yar tsana ciwo, sai ki ga ya ɗora yatsa a cikinta ko a kunnenta. Ba hujja ce da za a yanke hukunci a kanta ba, amma tana nuna mana inda za mu fara dubawa. Sharaɗi ɗaya da nake kiyayewa shi ne ba na amfani da ita wajen yi wa yaro ƙarya. Idan allura za ta yi zafi, ina gaya masa za ta yi zafi kaɗan, ya matse 'yar tsanarsa da ƙarfi, domin yaron da aka yaudara sau ɗaya ba ya sake miƙa hannu.

Tana da iyaka. Ba ta maye gurbin cinyar uwa, ba ta maye gurbin maganin rage zafi ko man da ake shafawa domin fata ta mutu kafin allura, kuma yaron da ransa ke cikin haɗari babu mai tsayawa neman abin wasa a kansa.

Game da tsofaffin 'yan tsana kuwa, Hajiya, ina roƙonku ku bar wannan shawara. Abin wasa na roba ana goge shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta a gama, amma na yadi da auduga yana riƙe danshi, da ƙura, da gashin dabbobi, da warin hayaƙi, da ƙananan ƙwarin ƙura masu tayar da asma. Ko kun wanke da ruwa mai zafin digiri 60, asibiti ba shi da hanyar tabbatar da hakan, ga shi a cikin yaran da muke karɓa akwai waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Abin da ake karɓa shi ne sabo, a cikin ledarsa, a ba yaro ɗaya, ya tafi da shi gida.

Malam Ma'aji ya amsa:

Ban musanta ko ɗaya daga abin da Malama ta faɗa ba, domin ita ce take tsaye a wurin. Abin da nake so Hajiya ta duba shi ne wani hali da mu masu aikin ƙungiyoyi muke da shi, wato son taimakon da yake yin kyau a hoto. Yaro rungume da 'yar tsana yana jawo masu ba da gudummawa, amma safar hannu da bandeji da abin auna zafin jiki ba sa jawo kowa, alhali wani sashen gaggawar waɗannan ne suke ƙare masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka kafin ku sayi ko guda ɗaya, ku zauna da shugabar ma'aikatan jinya ta sashen ku tambaye ta abin da ta fi buƙata, kuma ku shirya jin amsar da ba ita kuke so ba.

Idan ta ce tana so, to akwai tambayar ɗorewa. Kai kwali biyu rana ɗaya da ɗaukar hoto ba shi da wuya. Wuyar ita ce wata na shida, lokacin da ma'aikata suka saba da abin, sannan ya yanke. Ku kuma tambayi inda za a ajiye su, domin sashen gaggawa ba ya da yalwar wuri, da wanda zai riƙa sanar da ku idan sun kusa ƙarewa.

Malama Mai Renon Yara ta amsa:

Maganar Malam a kan ɗorewa gaskiya ce, kuma shirye-shiryen da suka daɗe a wannan fanni ta nan suka yi nasara. A Ingila akwai shirin Teddies for Loving Care, wanda 'yan Freemasons, wata tsohuwar ƙungiyar 'yan'uwantaka, suka fara a yankin Essex a shekarar 2001, ya bazu zuwa sauran sassan ƙasar, kuma ya raba 'yan tsana fiye da miliyan 3. Tsarinsu mai sauƙi ne: su ne suke tara kuɗi su kai kayan a kai a kai, amma ma'aikatan asibiti ne suke yanke shawarar yaron da za a ba. A Ostireliya kuma ƙungiyar Red Cross tana da nata mai suna Trauma Teddy tun 1990, wanda masu aikin sa-kai suke saƙawa da hannu a kan tsari guda, a duba kowace ɗaya kafin a fitar da ita zuwa motocin ɗaukar marasa lafiya da asibitoci. Wannan na biyun yana nuna cewa ba dole sai an saya ba, muddin zaren da audugar sababbi ne, kuma asibitin ya amince.

Tunanin cewa tsoron yaro abin kulawa ne a asibiti bai daɗe sosai ba. A Birtaniya sai a 1959 rahoton kwamitin Platt, wanda ya duba walwalar yara a asibiti, ya ba da shawarar a bar iyaye su riƙa ziyartar 'ya'yansu da ke kwance ba tare da ƙayyade lokaci ba, domin kafin nan asibitoci da yawa suna taƙaita ziyarar ƙwarai. A waɗannan shekarun ne Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya nuna cewa jariran birai suna manne wa uwar da aka yi da yadi mai laushi ko da madarar tana jikin wadda aka yi da waya, gwajin da yake da rashin tausayi amma ya sauya tunanin masana. Likitan yara Donald Winnicott kuma ya yi bayani a 1953 a kan tsumma ko 'yar tsanar da ƙaramin yaro yake liƙe wa, yana samun natsuwa da ita idan uwa ba ta kusa. Sai dai a lura, abin da Winnicott yake nufi shi ne wanda yaron ya zaɓa da kansa, ya saba da warinsa. Sabuwar da aka miƙa masa a asibiti ba ta kai wannan matsayi ba, don haka iyayen da suka sami sarari su ɗauko tasa ta gida sun fi kyautawa. Ta kyautar tana cike gurbi ne, tun da wanda ya fito da yaro a guje ba ya tuna abin wasa.

Ku kula da ƙirar abin da za ku saya. Idanu da hanci su zama na ɗinkin zare, domin maɓalli ko ƙwallon roba yana iya cirewa ya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Kada ya kasance da dogon zare ko ƙyalle a wuya. Ku guji duk mai kiɗa ko haske, saboda ƙaramin batirin nan mai kama da maɓalli, idan yaro ya haɗiye shi ya maƙale, yana iya ƙona bututun abinci cikin awa 2. Ku nemi wanda ya cika ƙa'idar lafiyar kayan wasa, irin EN 71 ta Turai mai tafiya da alamar CE. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba kuwa ba a barin abu mai laushi a wurin barcinsa, ko a asibiti ko a gida.

Mai Neman Shawara ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar tsofaffi ta faɗi, kuma za mu nemi ganin shugabar sashen kafin komai, mu ware wa wannan aiki asusu dabam yadda ba zai taɓa kuɗin magani ba. Saura abu ɗaya, Malama Nas: wane girma ya fi dacewa, kuma yaran da suka ɗan tasa fa, ba za su ga an raina su ba?

Nas Mai Aikin Dare ta amsa:

Ƙarama ta fi, Hajiya, wadda yaro zai riƙe da hannu ɗaya yayin da ɗayan hannun yake wurinmu, kuma wadda ba za ta tare mana ƙirji ko ciki ba. Ku sayi iri ɗaya, launi ɗaya, domin kada yaran gadaje biyu su shiga rigimar wa aka ba mafi kyau.

Manyan yara kuwa ba a tura musu a hannu. Nakan ajiye ta a gefen gado in ce ta ƙanwarsa ce idan ya koma gida, sai in ci gaba da aikina, kuma ba kasafai nake dawowa in same ta a inda na bar ta ba. Idan kun je wurin shugabar sashen, ku tambaye ta ko za a riƙa ba 'yan'uwan mara lafiya da aka zo da su, domin yaron da ya ga an shiga da yayansa cikin jini shi ma a firgice yake, kuma amsarta za ta sauya yawan da za ku riƙa kawowa kowane wata.