Zan iya zuba wa esin tsohuwar motata gas da kaina?

Mai Bulldog

Assalamu alaikum 'yan uwa. Motata Honda Accord ce ta 1996, wadda muke kira Bulldog, shekara takwas ke nan tana hannuna. Tun farkon Maris sanyin esin ya fara raguwa, yanzu kuwa idan na kunna iska mai ɗumi kawai yake hurowa, kamar fanka. Bara sau biyu na kai ta wajen wani mai esi, ya zuba gas, ya karɓi kuɗinsa, bayan wata biyu sanyin ya gudu. Jiya na ga ana sayar da ƙaramin gwangwanin gas ɗin esi, wato R-134a, mai giram 340, haɗe da tiyo da agogon awo. Shi ne na ce ko in saya in riƙa zubawa da kaina? A Sakkwato nake, kuma ƙarfe biyu na rana nake ɗauko yara daga makaranta, sai ka gan su sharkaf da gumi.

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam. Alhaji, gas ɗin esi ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa don an yi amfani da shi. Zagayawa yake yi a cikin bututu rufaffe. In ya gudu cikin wata biyu, to akwai inda yake yoyo, kuma wanda ya zuba maka bai nemo wurin ba. Ko ka sayi gwangwani goma, iska za ka ciyar.

Ka fara da wannan. Mota a kashe, ka buɗe bonet. Bututun esi biyu ne, siriri da mai kauri. Mai kaurin shi ne naka, murfinsa yana da harafin L. Siririn mai H kada ka kusance shi da gwangwani, ƙarfin da ke cikinsa yana iya fasa shi a hannunka. Ka ɗaura agogon a kan L. In allura ta tashi sosai, akwai sauran gas, za ka iya ƙarawa. In tana kwance a sifili, ka ajiye gwangwanin. Iska da laima sun riga sun shiga, sai an canza diraya, wato abin da ke tsotse laimar cikin bututun, an sa injin zuƙe iska aƙalla minti 30, kuma wannan ba aikin ƙofar gida ba ne.

In da sauran gas, ka tayar da mota, ka ƙure esi da fanka duka. Gwangwani a tsaye, ka buɗe kaɗan, ka rufe, ka duba agogo. Za ka ji kwamfresa, wato famfon da ke tura gas ɗin, ta yi ƙas ta kama. A irin zafinku allurar takan zauna tsakanin 45 da 55 a lambobin psi na agogon. Kada ka ce bari in ƙara don ya fi sanyi, gas in ya yi yawa sanyin raguwa yake yi, kwamfresa kuma ta wahala. Akwai takarda manne a cikin bonet da ta faɗi giram nawa motar take ci. Ka sa safar hannu da tabarau, don in ya feso maka a fata ƙonewa take yi saboda tsananin sanyi.

Direban Jega

Oga ya gama magana. Ni dai tawa Marsandi 190 ce ta 1991, tsohon gas R-12 aka yi ta da shi, wanda aka daina saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987. Wani yaro ya ɗura min R-134a a kai bai canza man kwamfresa ba, ashe man tsohon gas ba ya tafiya da sabon. Ko wata ba a yi ba kwamfresa ta ƙone. Taka ta 1996 ba ta da wannan matsalar. Amma ka karanta jikin gwangwanin da kyau, kada a ba ka na firij, R-600a, wannan wuta yake kamawa.

Mai Bulldog

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da safe na ɗaura agogon, allura ta ɗan tashi. Sai na kaɗa omo a roba na bi mahaɗar bututun ina shafa kumfa. A gaban lagireto, inda bututu ya shiga kondansa, wato abin da ke huce gas ɗin, wurin ya yi baƙi da maiƙo, kumfar kuma sai tashi take yi tana fashewa a hankali. Oga, in zuba a hakan ko in dakata?

Tsohon Bakanike

Dakata. Wannan maiƙon man kwamfresa ne yake biyo gas ɗin waje. Galibi ƙaramar robar mahaɗar ce ta bushe, kuɗinta bai kai na gwangwanin ba, sai dai in dutse ne ya huda kondansar. Amma da zarar an kwance wurin sai an zuƙe iska. Ka kai wa mai esin da yake da injin, ka tsaya a kansa har ya kashe shi, ku jira minti 15 ku ga allura ba ta motsa ba, sannan a zuba. Ka tafi da gwangwaninka guda biyu, ɗaya ba zai cika ta ba.